Agwagwa ce ko duƙawa? Fashin baƙi kan kalmar "duck" ta Turanci

Me ya haɗa shugaban ƙasa da agwagwa, har jaridu su riƙa kiransa gurguwarta? Tambayar da wani ƙanena ya turo mini ke nan a WhatsApp cikin watan Yulin 2024, kwana biyu bayan Joe Biden ya sanar da janyewarsa daga takarar shugabancin Amurka. Ya ga kanun wani labari an rubuta "lame duck", ya saka a manhajar fassara, ta ba shi "gurguwar agwagwa". Shi a ganinsa zagi ne, ana yi wa dattijon ba'a saboda yadda tsufa ya taɓa tafiyarsa. "Yaya, wai haka Turawa ke cin mutuncin manyansu a jarida?" in ji shi. Kafin in amsa har ya jefa zancen a wani zaure, aka kwana ana musu a kan abin da ba shi aka faɗa ba.

Ban ga laifinsa ba. Yawancinmu a aji ɗaya na firamare muka haɗu da wannan kalma, malam ya nuna hoto a allo ya ce "duck", mu kuma mu amsa da ƙarfi "agwagwa". Tun daga ranar ta zauna mana a kai cewa ma'anarta ɗaya ce. Amma a bakin masu harshen, kalmar tana shiga siyasa, da dambe, da ƙwallo, da kasuwar yadi, har da gaisuwar direban bas. Kuma a mafi yawan wuraren nan babu wata agwagwa a kusa.

Aikin ya riga tsuntsuwar samun suna

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kududdufi da damina ya san yadda agwagwa ke neman abinci. Tana cikin iyo sai ta tsoma kanta cikin ruwa, wutsiya ta yi sama, ta ɗan jima, ta ɗago tana kaɗa baki. Wannan tsoma kai shi ne asalin sunan. A tsohon Turanci na fiye da shekara dubu da suka wuce, "duce" na nufin mai nutso, daga wata kalmar aikatau da ke nufin nutsewa ko shigewa ƙasa. Dangin kalmar suna nan da ransu a maƙwabta: mutanen Holan na cewa "duiken", Jamusawa na cewa "tauchen", duka biyun nutso suke nufi.

Tsuntsuwar tana da nata sunan na ainihi a wancan zamani, "ened", ɗan'uwan "Ente" na Jamusanci da "anas" na Latin. Laƙabi ne ya kori sunan yanka, kamar yadda ake yi wa mutum laƙabi da sana'arsa har a manta sunan da aka raɗa masa. Saboda haka in mutum ya riƙe cewa tushen kalmar shi ne yin ƙasa da kai cikin hanzari, rabin ruɗanin ya warware.

Sai wani abin mamaki: Hausa na da "duƙa", mai kusan sauti ɗaya da kusan ma'ana ɗaya. Na sha jin ana cewa ai Turawa daga wajenmu suka ara. Ba haka ba ne, kuma mu ma ba daga wajensu muka ara ba. Hausa 'yar gidan harsunan Chadi ce, Turanci ɗan gidan harsunan Jamus ne, kowace kalma da nata tarihin a gidansu. Dacewa ce kawai, amma dacewa mai amfani ga ɗalibi, domin ba zai manta ba.

Game da tsuntsuwar kanta, abin sani kaɗan ne. "Duck" na ɗaukar jinsin baki ɗaya, amma in ana son bambancewa ita ce macen, toron agwagwa shi ne "drake", ɗan tsakonta "duckling". Naman ma "duck" ne, sai dai ba a sa masa "a" a gaba: "a duck" agwagwa ce guda mai rai, "some duck" nama ne a faranti.

Takalmi biyu a Bagadaza

Ranar 14 ga Disamban 2008, shugaban Amurka George W. Bush na tsaye da firaministan Iraƙi Nouri al-Maliki a gaban 'yan jarida a Bagadaza. Wani ɗan jaridar Iraƙi, Muntadhar al-Zaidi, ya miƙe ya cire takalminsa ya wurga wa Bush. Bush ya yi ƙasa da kai, takalmin ya wuce. Ya cire na biyu ya sake jifa, Bush ya sake sunkuyawa, al-Maliki ya miƙa hannu yana ƙoƙarin tarewa. Duk wanda ya ga hoton nan ya ga ma'anar "to duck" da idonsa: ba ka gudu ba, ba ka matsa gefe ba, ƙafafunka na inda suke, kanka kawai ka sauke abin ya bi ta sama. A ranar kuwa saura wa Bush kwana 37 ya bar mulki, Barack Obama ya riga ya ci zaɓe. Ma'anoni biyu na kalmar, sunkuyawa da "lame duck" na shugaba mai barin gado, suka haɗu a jikin mutum ɗaya, jaridun Turanci kuma ba su bar wannan dama ta wuce su ba.

A ma'anar sunkuyawa ce Amurka ta koyar da 'yan makaranta "duck and cover" a farkon shekarun 1950, lokacin fargabar makamin nukiliya na Tarayyar Sobiyet: in kun ga haske, ku duƙa ƙarƙashin tebur ku rufe kai. Kunkuru suka ɗauka a matsayin alamar darasin. Bahaushe ma da zai zaɓa shi zai ɗauka, domin "noƙewa" irin ta kunkuru ita ce kalmarmu da ta fi kusa da wannan motsi.

Daga noƙe kai aka samu noƙe wa magana. In an ce minista "ducked the question", ba a ce ya ƙi amsawa ƙiri-ƙiri ba. An tambaye shi ina kuɗin aikin hanya, shi kuma ya shiga yabon haƙurin jama'a, ya yi ta kwana-kwana har lokaci ya ƙare. Ya zille, ya yi kame-kame. Akwai zargi a cikin kalmar, zargin tsoro ko rashin gaskiya, kuma mai fassara da ya rubuta "bai amsa ba" kawai ya zubar da wannan zargi. Haka "duck responsibility", zille wa alhaki. "Duck out" kuwa sulalewa ce daga taro ba sallama, "duck into a shop" faɗawa shago ne da sauri don fakewa daga ruwan sama ko daga idon mai bin bashi.

A damben zamani kalmar na da fuska biyu masu karo da juna. Ɗan damben da ya iya "ducking" a cikin fage gwani ne, yana goce wa naushi. Amma wanda aka ce yana "ducking" wani ɗan dambe, an kira shi matsoraci ke nan, yana gudun karo. Shekara biyar aka yi magoya bayan Floyd Mayweather da na Manny Pacquiao na jifan juna da wannan kalma kafin mutanen biyu su haɗu a Las Vegas a watan Mayun 2015. Irin zargin ya yi ta yawo tsakanin Anthony Joshua da Deontay Wilder da Tyson Fury. Mai zuwa kallon damben gargajiya ya san bambancin nan sarai: goce wa hannu daban, ƙin fitowa in makaɗi ya kira ka daban.

Ma'aikatan rediyo ma suna da tasu. Yadda kiɗa ke yin ƙasa da kansa da zarar mai gabatarwa ya fara magana, ya dawo in ya yi shiru, sunansa "ducking". Kiɗan ne ya duƙa murya ta wuce.

Gurguwar agwagwa: daga kasuwar Landan zuwa fadar mulki

Yanzu ga wadda ta ruɗa ƙanena. Ba a siyasa aka haife ta ba. A kasuwar hannun jari ta Landan a ƙarni na 18, dillalin da ya ci bashi ya kasa biya shi ake kira "lame duck". Marubucin nan Horace Walpole ya ambaci kalmar a wata wasiƙa ta 1761, tare da "bull" da "bear" waɗanda har yau ake amfani da su a kasuwannin hannun jari. Hoton a bayyane yake: agwagwar da ta ji rauni ba ta iya bin garke, an bar ta a baya, duk abin da ya zo zai iya kama ta.

Amurkawa ne suka ɗauke ta suka kai majalisa da fadar shugaban ƙasa. A wajensu "lame duck" shi ne mai riƙe da kujera wanda kowa ya san ranar tafiyarsa kuma ba zai dawo ba: ko ya faɗi zaɓe, ko wa'adinsa ya ƙare, ko ya ce ba zai sake tsayawa ba. Doka ba ta rage masa komai ba, sa hannunsa na aiki har daƙiƙar ƙarshe. Abin da ya ragu shi ne tsoronsa da kwaɗayin abin hannunsa. Ɗan majalisar da jiya ke rawar jiki in an kira shi daga fada, yau sai ya ce yana ƙauye. 'Yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa sun riga sun koma ƙofar yarima na gaba.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan tazara har sau biyu. A da, ana zaɓe a Nuwamba amma ba a rantsar da sabon shugaba sai 4 ga Maris. Bayan an zaɓi Abraham Lincoln a 1860, jihohi bakwai na kudu suka ɓalle daga ƙasar kafin ya karɓi mulki, shugaba mai barin gado James Buchanan na zaune bai tare su ba, Lincoln kuma ba shi da ikon yin komai. Sai hunturun 1932 zuwa 1933, tattalin arziki ya durƙushe, bankuna na rufewa ɗaya bayan ɗaya, Herbert Hoover ya faɗi zaɓe amma yana kan kujera, Franklin Roosevelt ya ci amma yana jira. A watan Janairun 1933 aka kammala amincewa da gyara na 20 ga tsarin mulkin ƙasar, wanda ya dawo da rantsar da shugaba zuwa 20 ga Janairu, sabuwar majalisa kuma 3 ga Janairu. Har yau ana yi wa wannan gyara laƙabi da gyaran "lame duck".

To amma kada a ɗauka mai barin gado kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. Nan ne ma fahimtar mutane ta fi karkacewa. Wanda ba zai sake neman ƙuri'a ba ya rasa masu jin tsoronsa, amma shi ma ya daina jin tsoron kowa. Bill Clinton a ranarsa ta ƙarshe, 20 ga Janairun 2001, ya yi wa attajirin nan Marc Rich afuwa, mutumin da ya gudu daga ƙasar saboda tuhumar haraji. Biden da ya sha cewa ba zai yi wa ɗansa Hunter afuwa ba, ya yi masa a ranar 1 ga Disamban 2024. Ta ɗaya gefen, Obama bayan jam'iyyarsa ta rasa majalisar dattawa a Nuwamban 2014, a watan da ya biyo baya ya sanar da maido da hulɗa da Kuba, abin da shugabanni da dama suka ji tsoron taɓawa saboda ƙuri'un jihar Florida. 'Yancin da rashin zaɓe ke bayarwa na iya fitar da alheri, na iya fitar da son kai.

Yadda abin ke taɓa mutum a gida

Ba sai an je Amurka ba. Goodluck Jonathan ya faɗi zaɓen 28 ga Maris 2015, ya ci gaba da mulki har 29 ga Mayu. A 2023 an yi zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu, aka miƙa mulki bayan wata uku. Kuma duk gwamnan da ya shiga zango na biyu, tun da tsarin mulkin 1999 bai ba shi na uku ba, inuwar wannan kalma na binsa tun kafin a fara shirin zaɓe.

Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 misali ne da kowa ya gani da idonsa. Saura wa Muhammadu Buhari 'yan watanni, sai ga gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara, duka na jam'iyyarsa, sun maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli kan daina karɓar tsofaffin takardun naira. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara. Da wuya a ga irin wannan fito-na-fito daga 'yan gida a shekarar farko ta mulki. Amma a cikin watan Maris ɗin ne dai Buhari ya sa hannu kan gyare-gyaren tsarin mulki da suka ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa. Ƙarfin faɗa-a-ji ya ragu, alƙalami bai bushe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa a ƙasa-ƙasa cikin waɗannan makonni. Gwamnati mai tafiya ta ɗebi ma'aikata a gurguje, ta raba filaye, ta ba da kwangiloli. Sabuwa ta zo ta kafa kwamiti ta soke. Wanda ke shan wahala shi ne yaron da ya karɓi takardar ɗaukar aiki a watan Afrilu, iyayensa suka yi murna, har aka fara zancen aure, a watan Yuli aka ce takardar ba ta da inganci. Ɗan kwangila ya ci bashin banki ya fara aiki, fayil ɗinsa ya kwanta domin babu jami'in da ke son sa hannu kafin ya ga inda iska za ta kaɗa.

Shi ya sa ake jayayya kan tsawon tazarar. Masu son a gajarta suna nuna Birtaniya, inda aka yi zaɓe 4 ga Yulin 2024, washegari Keir Starmer ya shiga ofis. Suna nuna Ghana, inda ake zaɓe 7 ga Disamba a yi rantsuwa 7 ga Janairu, wata ɗaya cif. Hujjarsu ita ce duk ranar da aka ƙara, an ƙara wa mai tafiya damar kwasa. Masu son a tsawaita suna cewa ai a Najeriya ko wata ukun bai isa a gama shari'ar zaɓe ba: sai 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan zaɓen shugaban ƙasa, wata biyar bayan rantsuwa. Ni dai ina ganin tsawon kwanakin bai kai muhimmancin abin da aka halatta a yi a cikinsu ba. Da za a taƙaita manyan naɗe-naɗe da rabon kadarori daga ranar da aka bayyana sakamako, da rabin rigimar ta mutu.

Ƙwan agwagwa a filin wasa

Masu kallon Firimiya sun sha jin mai sharhi ya daka tsawa cewa ɗan wasa "has broken his duck". Ba agwagwa ya karya ba. Maganar daga wasan kurket ta fito, inda mai bugun da aka fitar bai samu maki ko ɗaya ba ake cewa ya fita da "duck", gajeren "duck's egg", domin sifirin da ake rubuta masa ya yi kama da ƙwan agwagwa. Mu ma a firamarenmu in malam ya zana wa yaro sifiri a jarrabawa, ƙwai muke cewa an ba shi. Amurkawa kuwa ƙwan dinya suke cewa, "goose egg". In a bugun farko aka fitar da mutum, sunansa "golden duck".

Mafi shaharar ƙwai a tarihin wasan na Don Bradman ne ɗan Ostareliya. A wasansa na ƙarshe na ƙasa da ƙasa, a filin Oval na Landan cikin Agustan 1948, maki 4 kawai yake buƙata matsakaicin makinsa na rayuwa ya cika 100. Eric Hollies, mai jifa na Ingila, ya fitar da shi a jifa ta biyu da sifiri. Ya yi ritaya da 99.94, lambar da har yau babu wanda ya kusance ta.

Fasa ƙwan kuwa shi ne samun na farko bayan dogon jira. Chelsea ta sayi Fernando Torres daga Liverpool kan fam miliyan 50 a ƙarshen Janairun 2011, ya yi wasa 13 bai ga raga ba. Ranar 23 ga Afrilu, ana tafka ruwa a Stamford Bridge, ya shigo daga benci a karawa da West Ham, ƙwallo ta maƙale masa a ruwan da ya kwanta a fili, ya juyo ya buga da hagu ta shiga. Abokan wasansa suka danne shi a ƙasa don murna. Wannan shi ne "breaking the duck", kuma masu sharhin wasanni na Hausa sun riga sun samo masa magana mai kyau: ya kawo ƙarshen kamfar ƙwallo.

Waɗanda ba su haɗa jini da agwagwa ba

Akwai "duck" da ke nufin yadi mai kauri na auduga, irin na tanti da filafilan jirgin ruwa da kayan aikin ƙarfi. Wannan daga "doek" na mutanen Holan ya zo, ma'anarsa ƙyalle. A Afirka ta Kudu har yau "doek" ɗankwali ne, kuma ana danganta "duku" na matan Ghana da shi. Daga wannan yadi ne aka fara kiran wani salatif mai ƙarfi "duck tape", wanda yanzu aka fi rubutawa "duct tape". Kalmomi biyu ne daban da suka yi kicibis a rubutu ɗaya, kamar garin da ake zama da garin da ake tuwo.

"Bombay duck" kifi ne da ake kamawa a gaɓar Mumbai ta Indiya, ana busar da shi, warinsa na da ƙarfi. "Peking duck" kuwa agwagwa ce ta gaske, gasasshiya irin ta birnin Beijin. Masu karatun Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi sun san "canard" agwagwa ce, amma in sun gan ta a rubutun Turanci, labarin ƙanzon kurege take nufi.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta gaisuwa. Wata 'yar'uwarmu da ta je aikin kula da tsofaffi a wani gari kusa da Nottingham ta kira gida ranta a ɓace a makonta na farko. Tsohuwar da take yi wa hidima, duk abin da ta miƙa mata sai ta ce "thank you, duck". Direban bas ma haka. Ta ɗauka tafiyarta suke kwaikwayo, ko launin fatarta ne ya jawo. Sai da wata abokiyar aikinta ta zaunar da ita ta ce ai a yankin nan, daga Nottingham zuwa Derby zuwa Stoke, kowa "duck" ne, namiji da mace, yaro da babba. "Ay up me duck" sannu ce irin ta gida, kamar tsohuwa ta ce maka "sannu ɗan nan". Wasu na cewa daga tsuntsuwar aka samo ta a matsayin kalmar lallashi, wasu na cewa daga tsohuwar kalmar girmamawa ce mai dangantaka da "duke". Ko wacce ce, babu raini a cikinta. Kuma a bakin mutanen yankin ba "dak" take fita ba, "duk" suke cewa, daidai da namu duk na duka.

Karin magana, a taƙaice

"Sitting duck" daga farauta ta zo: agwagwar da ke zaune a kan ruwa ta fi mai tashi sauƙin harbi. Jaridun Turanci na Najeriya na amfani da ita ga matafiya a hanyar da babu tsaro, ko ƙauyen da aka janye wa jami'ai. Mutanen da aka bari a fili ba kariya take nufi, kuma zargi ne a kan wanda ya bar su. "Like water off a duck's back" ta samo asali daga man da agwagwa ke shafa wa gashinta daga wajen gindin wutsiya, ruwa ya zuba ya gangare. Mu muna da wadda ta fi ta: ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. In an ce abu na tafiya kamar agwagwa, yana kuka kamar agwagwa, to agwagwa ce, kusan biri ya yi kama da mutum ke nan. "Dead duck" wanda tasa ta ƙare, "get your ducks in a row" ka kintsa komai tsaf kafin ka fara.

Yaya za a gane wadda ake nufi?

Malaman harshe na da wata jimla da suke gwada ɗalibai da kwamfutoci da ita: "I saw her duck". Tana iya zama na ga agwagwarta, tana iya zama na ga ta sunkuya. Babu abin da zai raba gardama a cikin kalmomin huɗu, sai abin da ke gaba da baya. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, shi da ke cin tuwo, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci kasuwa, ya ci amana, duk da baki ɗaya. Baƙon da ya fassara "ya ci amanata" kalma da kalma zai shiga irin ramin da ƙanena ya shiga.

Alamomin ba su da wuya. In "a" ko "the" na gabanta, suna ce. In ta ɗauki "ed" ko "ing" a ƙarshe, aiki ne, kuma kusan kullum noƙewa ko zillewa. In "lame" ko "sitting" ko "dead" na gabanta, mutum ake nufi. In a shafin wasanni take, sifiri ce. In kuwa ka gan ta a saƙon waya a wurin da ba ta da ma'ana sam, wataƙila wayar ce ta musanya wata kalmar ashar da ita, abin da iPhone ya yi shekaru yana yi har kamfanin Apple ya sanar da gyara shi a watan Yunin 2023.

Masu fassara a gidajen rediyo da shafukan labarai sun kasu biyu a kan irin "lame duck". Wasu na ganin a kawo hoton yadda yake, a ce gurguwar agwagwa, da sannu kunne zai saba, harshe ya ƙaru. Ban bi wannan ba. "Gurgu" a kunnen Bahaushe na kai hankali ga nakasar jiki, sai mai sauraro ya tafi da zaton an zagi mutum da halittarsa, a kuma ɓata wa masu nakasa rai a banza. "Mai barin gado" kaɗai kuma ba ta isa ba, domin ta faɗi tafiyar ba ta faɗi raunin ba. Gara a tsawaita a ce shugaba mai barin gado wanda maganarsa ta rage kaifi, ko wanda 'yan jam'iyyarsa suka fara juya wa baya.

Akwai kuma matsalar furuci. Da yawa daga cikinmu "dok" muke cewa, sai ta haɗu da "dock", wato tashar jirgin ruwa ko akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa a kotu. Wasalin "duck" na Turancin makaranta ya fi kusa da "a" gajere, kamar a ce "dak".

Wuri ɗaya ne kuskuren ke iya kai mutum asibiti. Matasanmu da yawa na aiki a wuraren gini da manyan ɗakunan ajiyar kaya a ƙasashen waje, wasu na atisayen soja da malamai masu Turanci. A irin waɗannan wurare in aka daka tsawa aka ce "Duck!" ita kaɗai, ba "a" ba "the", umarni ne: ƙarfe ko katako ko igiyar ƙugiya na tahowa daidai tsayin kanka. Wanda ya ɗaga kai yana dube-dube shi abin ke samu a goshi. Da jin ta sai a durƙusa a sa hannu a rufe ƙeya, a tsaya a haka har wanda ya yi tsawar ya ce a tashi.